Rayuwa Ba Tare da Katin Bashi Ba: Hukuncin Shari'a da Halin Kankia da Kusada

A watan Oktoba na shekarar 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ƙarancin tsabar kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023 ya tilasta wa manoma da 'yan kasuwa a ƙananan hukumomin Kankia da Kusada komawa ga katin banki da masu POS. Daga nan tambaya ta taso: shin riƙe katin banki shiga riba ne? Amsar tana rataye da irin katin.

Kati iri biyu ne. Na farko shi ne katin cire kuɗi, wanda mutum yake kashe abin da ya ajiye a asusunsa kawai. Babu rance a cikinsa, kuma ladan da mai POS yake karɓa ladan aiki ne. Shi ne mafi yawan abin da ke hannun jama'ar yankin. Na biyu shi ne katin bashi, wanda banki yake biya a madadin mai katin, ya ba shi wa'adi, in wa'adin ya wuce ya ɗora ƙari a kan bashin.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tattauna iri na biyu a zamanta na 12 a Riyad, shekarar 2000. Ƙudurinta mai lamba 108 ya hana bayar da katin da aka shardanta ƙari a cikinsa, da yin mu'amala da shi, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Dalili shi ne amincewa da sharaɗin riba tun wajen ƙulla yarjejeniya. Ƙudurin ya halatta ƙayyadadden kuɗin fitar da kati, matuƙar ladan hidima ne na haƙiƙa. Saboda haka illar tana cikin sharaɗin ne, kuma sharaɗi irin wannan yana cikin rancen manhajojin waya da ke yaɗuwa tsakanin matasa.

Barin katin bashi ba ya kawar da buƙatar rance. Manomi yana neman taki da damina, kuɗinsa kuwa sai kaka. Shari'a ta tanadi mafita. Akwai cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi hatsi daga baya, bisa sharaɗin a ambaci nau'i da awo da lokaci. Malaman Malikiyya sun yarda a jinkirta biyan kuɗin har kwana uku kacal. Akwai adashi, wanda kowa yake kwasar daidai abin da zai zuba. Akwai rance mai kyau, wanda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta shi, aya ta 280 kuma ta yi umarni da saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Ga manyan buƙatu kuwa, akwai murabaha a bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank a 2019.

Abin da ya rage ga ɗalibi da malami shi ne koya wa jama'a karanta sharaɗi kafin sa hannu ko danna amincewa a waya. Allah ne mafi sani.