Baƙin Mai Da Manyan Motoci: Inda Tsimi Ke Komawa Asara

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 1999 babu wata ranar rantsar da shugaba da ta taɓa aljihun masu motoci kamar ta 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin watan Yuni na wannan shekara kuma Babban Bankin Nijeriya ya bar Naira ta nemi darajarta a kasuwar canji. Da yake mafi yawan tushen man da ake haɗa baƙin mai da shi daga ƙasashen waje ake shigo da shi, farashinsa ya bi sawun Dala, ya yi tashin gwauron zabo. Sakamakon haka masu motoci da dama sun shiga tsimi: wasu sun koma sayen man awo a bakin titi, wasu kuma sun ƙara tazara tsakanin juye da juye.

Ƙaramar mota mai tsohon inji takan jure wa irin wannan tsimi na ɗan lokaci. Amma manyan motoci masu ƙarfin gudu, irin su Mercedes-AMG da BMW M da Porsche Cayenne da Range Rover Sport, waɗanda attajirai da kamfanoni ke saye a Legas da Abuja da Fatakwal, ba su da wannan haƙuri. A wurinsu baƙin mai wani sashe ne na injin, kuma kuskuren galan guda yana iya cinye jarin da aka daɗe ana tarawa.

Gadon zamanin Fijo

Galibin manyan makanikan ƙasar nan sun koyi sana'a ne a kan Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, da kuma Volkswagen da ake harhaɗawa a Legas. Injinan wancan zamani suna da yalwar sarari tsakanin ƙarafansu, don haka mai kauri irin 20W-50 ya dace da su. Daga nan ne aka gaji maganar nan cewa ƙasa mai zafi sai mai mai kauri, har ta zama doka a garejin Ladipo da Apo da Panteka da Ƙofar Ruwa.

Injinan yanzu kuwa ba haka aka ƙera su ba. Hanyoyin da mai ke bi a cikinsu matsattsu ne, kuma da ƙarfin turin man ne ake sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul. Idan an zuba musu man da ya fi ƙarfinsu kauri, ba ya isa inda ake bukatarsa da sauri, musamman a daƙiƙun farko bayan an tayar da mota, watau lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Bugu da ƙari, injin da ke da lafiyayyen lagireto yakan riƙe zafin mansa a wajen digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin Salshiyos, ko a Landan yake ko a Lokoja. Zafin gari yana da tasiri, amma bai kai ga a yi watsi da abin da maƙeran mota suka rubuta ba.

Abin da lambobin ke faɗi

Lambobin da ke jikin galan, kamar 5W-40, ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE da ke Amurka. Lambar farko tare da harafin W, wanda shi ne farkon kalmar hunturu a Turanci, tana nuna yadda man ke gudana idan yana da sanyi. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon saurin gudanarsa. Lamba ta biyu kuwa kaurinsa ne a zafin digiri 100. Saboda haka 0W-40 da 15W-40 rukuninsu ɗaya idan inji ya ɗauki zafi, bambancinsu yana wajen tayarwa da safe. Masu cewa 0W-40 ruwa ne tsalla sun jahilci wannan.

Babu kauri guda da ya dace da kowace babbar mota. Akwai injinan BMW na shekarun 2000, kamar M5 mai silinda 10, waɗanda aka tsara su a kan 10W-60, alhali kuwa sababbin Lexus da Toyota da yawa 0W-20 aka rubuta musu. Littafin motar ne alƙali, kuma sau da yawa yakan ba da zaɓi biyu ko uku gwargwadon yanayin ƙasa. A cikin wannan zaɓin ne mai mota zai iya karkata ga wanda ya ɗan fi kauri.

Bayan kauri sai daraja. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta fitar da matsayin SN a 2010, da SP a 2020, da SQ a 2025. An fito da SP ne musamman don magance matsaloli biyu na injinan turbo masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda: tashin wuta kafin lokacinta, wanda kan fasa fistin, da kuma saurin cinyewar sarƙar inji. Motocin Turai kuma suna bin ma'aunin ƙungiyar ACEA, sa'an nan kowane kamfani yana da tasa lambar amincewa: Mercedes-Benz tana da 229.5, BMW tana da Longlife-01, Porsche tana da A40, Volkswagen da Audi suna da 502 00. Wajibi ne mai saye ya nemi wannan lamba a bayan galan, domin ta fi sunan kamfanin man muhimmanci.

Kalmar sintetik da 'yan kasuwa ke ƙawata talla da ita ba ta wadatar ba. Tun 1999, lokacin da hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka ta yanke hukunci kan taƙaddamar Mobil da Castrol, aka amince a kira man da aka tace sosai daga ɗanyen mai da wannan suna. Ke nan galan biyu suna iya ɗaukar kalmar, amma ɗaya ne kawai ya ci jarrabawar maƙeran motar.

Yaushe za a juye?

A Turai tsarin dogon zango na Volkswagen yakan bar mota ta kai kilomita 30,000 ko shekara 2 kafin juye. Wannan lissafi ya dogara ne a kan hanyoyi masu kyau, da ƙarancin ƙura, da fetur wanda tun 2009 doka ta hana farar wutar da ke cikinsa ta wuce kashi 10 cikin miliyan. A yammacin Afirka kuwa, sai a 2020 ƙungiyar ECOWAS ta tsayar da kashi 50 cikin miliyan a matsayin mizani. Farar wuta idan ta ƙone ta haɗu da tururin ruwa takan zama asid, wanda ke cinye sinadaran da aka zuba wa man don kare inji.

Su kansu maƙeran motoci sun ware abin da suke kira aikin wahala: yawan tsayuwa da inji a kunne, gajerun tafiye-tafiye, hanyar ƙura, jan kaya da gudu mai tsanani. A Amurka, alal misali, Toyota tana ba motocinta masu shan 0W-20 kilomita 16,000 ko shekara guda, amma ta rage zuwa kilomita 8,000 ko wata 6 ga motar da ke aikin wahala. Duk wanda ya san gadar Third Mainland da yamma, ko hanyar Nyanya zuwa Abuja da safe, ko ƙurar hunturu, ya san a rukunin da motocin ƙasar nan suka faɗa.

Agogon kilomita ma yana yaudara. Motar da ta yi kilomita 8,000 a kan babbar hanya tana gudun 80 a sa'a, injinta ya yi aikin sa'a 100. Wadda ta yi wannan nisa cikin cunkoso, tana jan ciki da 16 a sa'a, nata ya yi sa'a 500, banda lokutan da direba ke zaune cikin sanyin iyakwandishan yana jiran maigida ya fito daga taro. A irin wannan zama fetur yakan sulala ta gefen fistin ya tsinka man. Abin da ya fi aminci ga babbar mota a nan shi ne a ɗauki tazarar aikin wahala da ke littafinta, ko kuma a raba tazarar Turai gida biyu ko fiye, a kuma juye da zarar wata 6 ya cika ko da motar ba ta yi tafiya ba. Filtar mai sai a canza ta a kowane juye, a kuma riƙa duba filtar iska a lokacin hazo.

Lissafin ɗan kasuwa

A ƙaddara mota ce mai silinda 8 da ke cin lita 8 ta baƙin mai, tana yin kilomita 24,000 a shekara, tana shan lita 15 ta fetur a kowane kilomita 100. Fetur ɗinta na shekara ya kama lita 3,600. Idan ana juye mata a kilomita 8,000, za ta ci lita 24 ta baƙin mai. Idan an ja zuwa 16,000, za ta ci 12. Ko da litar baƙin mai ta ninka ta fetur sau 15 a kuɗi, abin da aka tsimta bai wuce kuɗin lita 180 ta fetur ba, watau kashi 5 cikin ɗari na abin da motar ke sha. A ɗaya ɓangaren ma'aunin akwai turbo, wanda ke juyi fiye da sau 100,000 a minti yana dogaro da wannan man, da injin da idan ya buga sai an nemo wani da kuɗin waje, da makonnin da motar za ta yi a gareji.

Sauran haɗarin shi ne jabu. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama gurɓataccen baƙin mai da ake ɗurawa cikin galan masu sunan manyan kamfanoni. Kariya ita ce a saya daga dillalin da kamfani ya amince da shi, a duba hatimin murfi, a karɓi rasidi, a kuma tsaya a ga an buɗe galan an zuba. Idan an gama a fasa galan ɗin, domin da irinsa masu jabu ke cin kasuwa. Kamfanonin da ke da motoci da yawa ya kamata su raba aikin sayen mai da aikin juye shi tsakanin ma'aikata daban-daban.

Haka nan akwai ɗabi'un da ba su cin ko kwabo. Kada a taka totur da ƙarfi sai inji ya ɗauki zafi, kuma bayan doguwar tafiya a bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man ya ƙone cikin turbo. A riƙa auna mai duk mako biyu, domin manyan injina suna shan mai ko da lafiyarsu ƙalau. Daga ƙarshe a tanadi ɗan littafi, a rubuta ranar kowane juye da kilomita da lambar man da aka zuba. Ranar da aka kai motar kasuwar Berger don sayarwa, wannan littafi ne zai hana mai saye karya farashi.