Ma'anar Kame Kai a Azumin Arba'in na Kiristoci

Idan Bahaushe ya ji kalmar "azumi", abin da ke fara zuwa masa shi ne barin ci da sha daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Wannan fassara ba ta ɗauke duk abin da Kirista ke nufi ba game da kwanaki arba'in da ke gabatar Idin Ista. A Ikilisiyoyin Yamma ana farawa ran Larabar Toka. Daga nan zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, amma ba a lissafa Lahadi shida na ciki, domin Lahadi ranar murnar tashin Almasihu ce. Adadin ya samo asali daga kwana arba'in da Yesu ya yi yana azumi a jeji, kamar yadda Linjilar Matiyu ta kawo a sura ta 4.

A da dokar na da tsauri: ci sau ɗaya a yini, ba nama. A shekarar 1966 Paparoma Bulus na 6 ya sassauta wa Katolika, azumin dole ya tsaya ga Larabar Toka da Jumma'ar da ake tuna gicciye Yesu, tare da barin nama ran Jumma'a. Sauran kuwa mutum ke zaɓar wa kansa: wani ya bar sukari, wani taba, wani kallon talabijin.

Abin lura shi ne, abin da ake bari halal ne. Zunubi ba ya jiran wani lokaci kafin a rabu da shi. Manufa ita ce mutum ya gwada ko shi ke riƙe da abin, ko abin ke riƙe da shi. Duk sa'ad da kwaɗayin ya motsa, sai ya zama kira zuwa ga addu'a da tuba. Wanda ya bar sukari don ya rage ƙiba ya yi wa jikinsa kirki, amma wannan magani ne, ba ibada ba. Haka kuma wanda ya yi ta shela, domin sura ta 6 ta Matiyu ta hana mai azumi ɓata fuska don mutane su gani.

Akwai kuma haƙƙin talaka. Paparoma Liyo na 1, wanda ya rasu a shekarar 461, ya sha nanatawa cikin wa'azinsa cewa abin da mai azumi ya hana cikinsa ya kamata ya koma abincin matalauci. Bisa wannan koyarwa, kuɗin naman da ba a saya ba ran Jumma'a ba na ajiya ba ne, na sadaka ne.