Bayan An Sallamo Shi Daga Kiru, Me Ke Jiran Sa A Gida?

Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Shi ya sa iyaye daga Mainika, Gwarzo da Kabo ke kai 'ya'yansu cibiyar gyaran tarbiyya ta Kiru ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Sai dai aikin na gaske yana farawa ne ranar sallama. Matashi ya dawo da ƙiba da hankalinsa, amma majalisar da ya bari tana nan, mai sayar da tiramol bai tashi ba, aljihu kuma wayam. Abu ya ɓace a unguwa, shi za a fara kallo. Daga nan sai shaye-shaye, sai ɗauke-ɗauke, sai ofishin 'yan sanda. Cibiyar NIDA ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye sukan koma ruwa.

Akwai wani haɗarin da iyaye ba su cika sani ba: wanda ya daɗe bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, komawa kan wannan adadin na iya kashe shi.

Abin da ke taimakawa sananne ne: komawa ganin likita a kan kari, sana'a da ɗan jari tun makon farko, da wani babba, kawu ko liman, mai bibiyarsa. Dangi su tanadi waɗannan kafin su je ɗauko shi.