Madatsar Kandaji: aiki ɗaya, hannuwa barkatai

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cin kasuwar Lahadi ta Ayoru, kusa da iyakar Mali, ya ratsa ta gefen Kandaji. A nan ne, kimanin kilomita 180 daga Yamai, shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin madatsar ruwa kan kogin Isa a 2008, wadda aka tsara za ta ba da wutar lantarki megawat 130 da ruwan noman rani.

Kamfanin Rasha, Zarubezhvodstroy, shi ya fara samun kwangilar, amma aiki ya yi ta jan ƙafa har gwamnati ta soke ta a 2013. Sai a 2019 shugaba Issoufou Mahamadou ya sake ƙaddamar da aikin, wannan karon a hannun kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin.

Mai karatu zai ce ai canjin hannu ne kawai. Ina! Sabon kamfani ba ya ɗora gini bisa awon da bai tabbatar ba. Masu awo su sake awo, a sake gwada ƙasa da dutse, a sake ɗaukar leburori, direbobi da maƙera. Wanda ya san inda ruwa ke kwanciya da damina, in ya tafi, da saninsa ya tafi.

Ko babu rikici ma, ayarin kan sauya. Masu karkatar da kogi da masu haƙa su ne na farko. Bayansu masu zuba kankare. Masu ɗora injinan wuta sai can ƙarshe. A tsakani ga tafinta, wanda a ganina ba a ba shi girman da ya cancanta: injiniya na Sinanci, takarda na Faransanci, lebura na Zabarmanci ko Hausa. Kalma ɗaya ta karkace, a rushe aikin yini.

Sannan ga masu kuɗi, irin su Bankin Duniya, waɗanda ba sa sakin kuɗi sai an daidaita batun sake tsugunar da mutanen da ruwa zai ci garuruwansu. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 suka dakatar da biya, Gezhouba ya tsayar da aiki a watan Agusta. A watan ne kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Masu sayar da ƙanƙara da teloli ba su manta da kuɗin man janareta na lokacin ba.