Harajin Gidaje da Rangwamensa a Diffa da Gaɓar Komadugu

Harajin gida a Jamhuriyar Nijar ya dogara ne da amfanin da ake yi da gidan. Kundin haraji na shekarar 2012 ya yafe wa magidanci lanho a kan gidan da yake zaune ciki da iyalinsa. A ƙarƙashin kundin na 2012, gidan da aka ba da haya ana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayarsa na shekara. Gida na biyu kuwa, ko wanda aka ba wani ya zauna kyauta, kashi 5 ne na abin da aka ƙiyasta zai kawo da an sa shi haya. Wuraren ibada ba sa biya. Ma'aikatar haraji ta ƙasa ce ke karɓa, sannan a mayar wa ma'aikatun magadan gari wani kaso.

Kasafin kuɗin 2018 ya ƙara harajin mazauni, wanda aka tsara karɓa ta takardar kuɗin wutar kamfanin Nigelec. Kasafin ya jawo zanga-zangar ƙungiyoyin farar hula a Yamai da wasu birane.

Waɗannan ƙa'idoji sun fi dacewa da gari mai zaman lafiya, inda mutum ke barin gida ko cika shi da son ransa. A jihar Diffa lamarin ya sauya tun ranar 6 ga Fabrairun 2015, da mayaƙan Boko Haram suka kai hari Boso da garin Diffa. An kafa dokar ta-ɓaci, an kwashe mazauna tsibiran tafkin Cadi a watan Mayu, aka hana hawa babur da kamun kifi da cinikin tattasai na wani lokaci. Harin Boso na Yunin 2016 ya sake korar dubban mutane zuwa bakin babbar hanya mai lamba ɗaya. A 2019 da 2022 kuma kogin Komadugu ya cika ya batse, ya ci gidaje da gonaki.

Daga nan gidaje suka kasu biyu. A ƙauyukan gaɓar kogi, a yankunan Geskeru da Boso, gidaje sun zama kufai, ba mai zama, ba mai haya. A cikin garin Diffa kuma ɗakuna sun cika da ƴan gudun hijira, waɗanda da yawansu dangi da masu gida suka sauke ba tare da karɓar ko dala ba. Mai gidan farko bai bar gidansa da gangan ba, na biyun kuma bai ci ribar kowa ba. Rangwame a nan adalci ne.

Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin harajinta, ta bambance gidan da aka bari dole da wanda aka rufe da gangan. Tana rage harajin gidan haya da ya yi aƙalla wata uku babu kowa ba da son mai shi ba, tana kuma ɗora haraji na musamman tun 1999 a kan gidajen da aka rufe a biranen da muhalli ya yi ƙaranci.

Sai dai rangwame na rage abin da ke shiga asusun magajin gari, a daidai lokacin da baƙi suka ƙara buƙatar ruwa da makarantu da asibiti. Wata hanyar da aka bi ita ce yankan filaye tare da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Diffa, Shetimari da Maine-Soroa: a ba marasa galihu wasu, a sayar da wasu domin ayyukan gari. Komawar mutanen ƙauyen Baruwa da suka yi gudun hijira gida a Yunin 2021 ta nuna cewa kufai na iya sake rayuwa. Saboda haka rangwame na buƙatar ƙidayar gidaje da ake sabuntawa tare da bulamomi da masu unguwanni, domin su ne suka san wanda ya gudu, da wanda ya dawo, da wanda ya sauki baƙi.