Dagona: Nauyin Da Ke Kan Mai Riƙon Mafakar Tsuntsayen Ruwa

Duk wanda ya isa bakin tafkin Dagona, a ƙasar Bade ta Jihar Yobe, da sanyin safiya a tsakiyar hunturu, zai tarar da abin da ba kasafai ake ganin irinsa a wani wuri a Nijeriya ba. Ga kirinjijiya garke-garke, ga dinya, ga zalɓe da balbela, ga kuma waɗansu agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa waɗanda baƙi ne daga Turai da Asiya. Waɗannan baƙi sukan ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a nan wajen watan Oktoba, su yi zamansu har wajen watan Maris, sa'an nan su koma inda suke yin ƙwai. Mai kallo yakan ɗauka abin yana tafiyar da kansa ne kawai, alhali kuwa akwai ma'aikatan da aka ɗora wa tsaron wurin, kuma aikin shugabansu yana cikin masu wuyar sha'ani a aikin gwamnati.

Dagona wani ɗan yanki ne na babbar fadamar Haɗejiya da Nguru, watau inda kogin Haɗejiya da kogin Jama'are suke bazuwa tsakanin tuddan rairayi kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ke zubawa a tafkin Cadi. A shekarar 1987 aka kafa wani shiri na musamman don kiyaye wannan fadama, da haɗin gwiwar gwamnati da ƙungiyoyin kare halittu na gida da na waje. A 1989 Yarima Philip na Ingila, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar WWF ta duniya, ya ziyarci Dagona. Da aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi a 1991, sai mafakar ta shiga ƙarƙashinsa, a sashen Bade da Nguru.

Har ila yau akwai yarjejeniyar kiyaye fadamu da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Tafkin Nguru da mashigin Marma, mai faɗin hekta 58,100, shi ne wuri na farko da Nijeriya ta sa cikin jerin wannan yarjejeniya, a shekarar 2000. Dagona da Baturiya ta Jihar Jigawa sun biyo baya a 2008. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade cikin wurarenta na kiyaye halittu. Ma'anar wannan duka ita ce ƙasar nan ta ɗauki alkawari a gaban duniya, kuma wanda zai cika shi a zahiri shi ne jami'in da ke riƙe da wurin tare da masu gadinsa.

Matsalar farko da ke gaban wannan jami'i ita ce ruwa, abin da ba ya hannunsa ko kaɗan. Rayuwar fadama ta dogara ne ga cikowar kogi da damina da kuma janyewarsa da rani. Cikowar ce ke ba kifi wurin hayayyafa, ta jiƙa gonakin shinkafa, ta cika rijiyoyin ƙauyuka. Janyewar kuma ita ke buɗe makiyaya da filin noman rani. To, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai wannan tsari ya sauya. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki saboda noman rani da shan mutanen Kano kuwa ya sa waɗansu hanyoyin ruwa ba su ƙara bushewa ba duk tsawon shekara. Binciken da masana tattalin arziki suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a cikin fadamar, idan aka haɗa noma da su da itacen wuta, ya zarce wanda ake samu daga irinsa a manyan gonakin noman rani da ke sama.

Saboda haka shugaban mafaka da ya san aikinsa ba zai tare a ofis ba. Wajibi ne muryarsa ta kai Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ke riƙe da madatsun, domin a riƙa sakin ruwa a lokacin da ya dace da bukatar fadama. Haka kuma akwai asusun da jihohi shida na wannan kwari, watau Bauci da Barno da Filato da Jigawa da Kano da Yobe, suka kafa a 2006 don gyaran hanyoyin ruwa. A irin waɗannan zaurukan ake yanke abin da zai sami Dagona, kuma wanda bai halarta da alƙaluma a hannu ba, da wuya a saurare shi.

Matsala ta biyu ita ce kacalla, wata doguwar ciyawa da ke son ruwan da ba ya ƙafewa. Ta mamaye dubban hektoci, ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka. Sakamakon haka ruwa yakan karkata ya kwanta a gonakin waɗansu ƙauyuka, a sa'ad da na ƙasa da su ke kukan ƙamfarsa. Tsuntsayen ruwa suna rasa buɗaɗɗen wurin kiwo, masunta suna rasa hanyar kwalekwale, jan baki kuwa ya sami maɓoya, daga nan yake tashi ya faɗa wa shinkafa da gero da alkama. An sha yin aikin gayya da lauje da adda, an kuma sa injuna, amma muddin ba a gyara yadda ake sakin ruwa ba, ciyawar takan dawo.

Na uku, kuma mafi bukatar hikima, shi ne zama da jama'a. Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani sun daɗe suna cin abinci daga wannan fadama tun kafin a shata iyakar kowace mafaka. Masunci yana son kifi, makiyayi yana son ciyawar rani da mashaya, mata suna son kaba da goruba da itace, manomi yana son ƙara faɗin gona. Doka ta hana farauta da su da kiwo a cikin mafaka, kuma dole ne a tsayar da ita. Amma masu gadi kaɗan ne, hanyoyi kuma sukan yanke da damina, don haka kame kaɗai ba zai wadatar ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai an jawo masu sarauta da dagatai da sarakunan ruwa da ardo-ardo a jika, an fayyace iyaka, an bar burtali da mashaya a wajenta, an kuma ɗauki 'ya'yan yankin aiki. Mutumin da ya ga amfanin mafaka a tukunyarsa shi ne zai fara kawo labarin maharbi.

Akwai kuma aikin lissafi. A kowane watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa a lokaci guda, kuma fadamar Haɗejiya da Nguru na cikin wuraren da ake yin ta. Wannan ƙidaya, tare da awon tashi da saukar ruwa, ita ke nuna ko wurin yana samun lafiya ko yana lalacewa. Shugaban da bai adana irin waɗannan bayanai shekara da shekaru ba, ba shi da abin kare kasafin kuɗinsa a gaban manyansa. Haka nan kula da ma'aikata: mai gadin da ba shi da takalmi, ba kwalekwale, ba alawus a kan kari, bai kamata a yi mamaki ba idan ya kau da kai daga mai laifi.

Ga ma'aikatan gwamnati masu karatu, abin lura shi ne takardar da ake sa wa hannu a ma'aikatar ruwa ko ta gona tana iya raya fadama ko ta kashe ta, ko da mai sa hannun bai taɓa taka wurin ba. Ya kamata kafin a amince da sabuwar madatsa ko sabon filin noman rani a tambayi abin da zai sami na ƙasa. Ɗalibai kuma, musamman na jami'o'in Gashuwa da Dutse da Kano, ga fagen bincike nan kusa da gida, kuma ƙidayar Janairu kullum tana bukatar ƙarin idanu. Ranar 2 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar fadamu ta duniya. Makarantar da ta kai ɗalibanta Dagona ko Baturiya a wannan lokaci za ta tarar da baƙin tsuntsaye ba su riga sun tashi ba. Allah ya ba masu riƙe da wannan amana ikon sauke ta.