Uwar da Ta Haifi 'Ya'ya 95 Ba Ta Taɓa Ganin Namiji Ba

Ranar 20 ga watan Mayun 1740, a Jeneba, birnin da yau yake cikin ƙasar Suwizalan, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Charles Bonnet ya tsare wani ƙwaro da ido har ya haihu. Karatun shari'a iyayensa suka sa shi, amma hankalinsa na wurin ƙwari. Ƙwaron kuwa manomanmu sun san danginsa sarai. Shi ne ƙwaron darɓa, ɗan mitsitsin nan da ke yin cincirindo a bayan ganyen wake da gyaɗa da dawa, yana tsotse ruwan shuka, yana barin danƙo mai zaƙi da tururuwa ke bi.

Jaririyar na faɗowa, Bonnet ya ɗauke ta tun ba ta haɗu da kowa ba. Ya ɗora ta a kan ɗan reshe da ya tsoma cikin kwalbar ruwa, ya kafa kwalbar a tukunyar ƙasa, ya kife da gilashi ya danna bakinsa cikin ƙasar, ko iska sai da ƙyar. Tun asuba yake zama gabanta da madubin ƙara girma, ba ya tashi sai dare, yana rubuta duk motsin da ta yi. Ta yi saɓa sau huɗu. Ranar 1 ga watan Yuni ta haifi 'yar fari, rayayya, ba ƙwai ba. Kafin 21 ga watan, ya ƙirga 95.

Babban masanin ƙwari na Faransa, Réaumur, ya taɓa gwada wannan, ƙwarinsa suka mutu kafin su girma. Da wasiƙar yaron ta iso masa sai ya karanta ta gaban majalisar masana kimiyya ta Paris, aka sa Bonnet cikin wakilanta a shekarar. Ana cikin murna, ɗan'uwansa Abraham Trembley ya jefo tambaya mai ɓata barci: wa ya sani ko barbara guda da aka yi wa kakar ce take isar zuriya da yawa? Da wani ne da ya yi fushi. Bonnet ya koma kan gilasansa, yana ware kowace jaririya daga uwarta tun ranar haihuwa, har zuriya tara, babu namiji ko ɗaya. A 1745 ya buga littafinsa kan ƙwari. Aikin ya ci idanunsa. Bayan 'yan shekaru dole ya ajiye madubi ya koma falsafa, har ya rasu a 1793.

Abin da ke faruwa cikin cikin ƙwaron ya fi abin da Bonnet ya gani ban mamaki. Ƙwan uwar ba ya jiran ruwan namiji, yakan fara zama ɗa da cikakken gadon uwar, don haka 'yar takan fito kamar an tsaga kara. Kusan yadda manomi ke yanko karan rogo ya dasa ke nan, sabon rogon shi ne dai tsohon. Kuma 'yar da ke cikin ciki ta riga ta fara ɗaukar nata cikin, wato uwa ɗauke da 'ya da jika lokaci guda. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma jaririya ta zama uwa. Shi ya sa manomi zai bar gonarsa lafiya lau, ya dawo bayan kasuwa biyu ya tarar ganye ya yi baƙi.

Sai dai ba su yi sallama da maza gaba ɗaya ba, kuma Bonnet da kansa ya ga hakan a jikin wasu da ke kan bishiya lokacin kaka. A ƙasashen sanyi, da yini ya fara gajarta, uwayen kan haifi maza da wasu irin mata masu yin ƙwai. A yi barbara, a saka ƙwai, ƙanƙara ta kashe manya, ƙwan ya tsallake hunturu ya ƙyanƙyashe mata zalla. Namijin ma daga gadon uwa kaɗai ake yin sa, ta hanyar jefar da ɗaya daga cikin zaren gado biyu da ake kira X. Masana sun kiyasta cewa wannan tsari ya samo asali ne daga kakan ƙwarin tun kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce, kuma jinsuna wajen 5,000 da ake da su yau sun gaje shi. A ganina nan dabarar take: da damina a yi sauri, sau ɗaya a shekara a gauraya jini don kada cuta ɗaya ko magani ɗaya ya share dangi duka.

Da aka samu hanyar karanta ƙwayoyin gado, sai asirin zumuntarsu ya tonu. An gano cewa akwai zuri'o'in da suka daina barbara gaba ɗaya, kuma ba daga tushe ɗaya suke ba. Sau da yawa, a wurare dabam-dabam, suke ɓallewa daga masu barbara. Masu bincike a birnin Rennes na Faransa sun nuna cewa a wani jinsi da ke cin dangin wake, abin da ke jawo haka yana kan zaren X. Abin dariyar shi ne, matan da suka yafe miji sukan haifi 'yan maza jefi-jefi, mazan su je su barbari matan wata zuriya, su sa wa 'ya'yansu halin. Ƙin aure ya zama abin da ake ɗauka ta hanyar aure.

Zuriya guda irin wannan takan iya mamaye ƙasa mai faɗi. A 2013 darɓa ta faɗa wa gonakin dawa a Texas da Louisiana, ta bazu jihohin Amurka da dama da Meziko. Da aka gwada samfura daga wurare masu nisa da juna, kusan duka zubi ɗaya ne, zuriyar uwa guda.

Mu nan da ba mu da ƙanƙara, darɓar wake da gyaɗa ba ta da dalilin saka ƙwai. Mata ne ke haifar mata shekara da shekaru, in wuri ya cika su haifi masu fiffike iska ta kwashe su zuwa wata gona. Darɓar ce ke yaɗa cutar da ke tsumburar da gyaɗa ta murtuke ganyenta. A 1975, ana fitowa daga fari, cutar ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya, kuma dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba.